Ƙarfen Asuba

Ba mu taɓa mallakar ƙararrawa ba.
Tsohon ƙarfen tayar tirela ne
da Baba Katung ya tsinto a kwanar Zonkwa
shekarar da ya haife ni,
ya rataye shi a reshen mangwaron bakin coci.
Shekara talatin da huɗu yana dukansa da asuba,
har zakarun garinmu suka koyi lalaci.

Daren da suka zo, citta ta kusa isa tono.
Na ji ƙarfen yana kuka ba a lokacinsa ba,
sau bakwai, da sauri-sauri.
Na takwas bai fito ba.
Na goya Zigwai, muka gangara rafi,
muka kwana tsaye, ruwa har ƙugu,
tafina a kan bakinta.
Nawa bakin, har yau ban san wa ya riƙe shi ba.

Gari ya waye da warin ƙonannen kwano.
Bencinan da muka yi adashi muka saya sun koma gawayi,
tulun kiɗan zumuntar mata ya rabe uku.
Mutum goma sha ɗaya, rami ɗaya.
Baba yana can gefen gabas.
Sai da Fasto Didam ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya
kafin ya saki sandar.

Masu manyan motoci sun zo,
sun ajiye shinkafa, sun ɗauki hoto, ƙura ta bi su.

Ya Yesu, ba zan ɓoye maka ba,
wata biyu na yi ina gaba da kai.
Ina zuwa sujada a ƙarƙashin mangwaron,
ina zama a kan dutse kamar kowa,
amma in addu'a ta kai wurin gafara
sai in ƙirƙiro tari.
Kande tana jina. Ba ta taɓa tona ni ba,
sai dai ta ɗaga murya ta faɗi nata, ta faɗi nawa,
ita da ta binne 'ya'ya biyu.

Wata Laraba Malam Tanimu mai awon citta
ya zo da bandir biyu na kwano a akori-kura.
Bai iya dogon jaje ba.
Ya tsaya yana kallon reshen, ya ce,
"Ni ma ƙarfen nan ke tashe ni salla.
Tun da ya yi shiru nake makara."
Ya juya da sauri, wai rana ta shiga masa ido.

A daren na ciro sandar daga ƙarƙashin katifa.
Ta fi yadda nake zato nauyi.
Wurin riƙon ya yi sulɓi,
ya lotsa daidai tafin da ya fi nawa faɗi.

Ba wai tsoro ya tafi ba.
Har yanzu da takalmi nake kwana,
kare ya yi haushi, Zigwai ta miƙe zaune.
Gafarar ma ban gama ba,
ina ɗibar ta ne kaɗan-kaɗan
kamar ruwan rijiyar rani.
Amma kai ma da tabo a hannu ka tashi,
ba ka jira ya goge ba.

Na buga.
Ƙarar ta fito a karkace, wuta ta taɓa muryarsa.
Na sake bugawa.
Can wata ƙofar langa-langa ta yi ƙara,
tocila ɗaya, sai biyu,
tsohuwa Ladi tana jan ƙafa da kujerarta a ka.
Sau bakwai na ƙirga, hannuna na rawa,
na tsaya inda Baba ya tsaya,
na ja numfashi,
na ƙara ɗaya.